Tarihin Flo Hyman, Sarauniyar Ƙwallon Raga

 A filinmu na wannan mako na ga ya kamata mu ɗan jingine zancen girke-girke da renon yara, in ba ku tarihin wata baiwar Allah, baƙar fata 'yar ƙasar Amurka, wadda ta rasu tun cikin 1986, watau tun ba a haifi da yawa daga cikinmu ba, har da ni mai wannan rubutu. Sunanta Flora Jean Hyman, amma duniya ta fi saninta da Flo Hyman. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da 'yar wasan ƙwallo ta can wata uwa duniya? Ki yi haƙuri ki karanta, domin abin da ya zama ajalinta ba ya tambayar ƙasa ko ƙabila, kuma yana iya zama a cikin gida shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Abin da ya tuna mini da ita kuwa shi ne, a ajin da nake koyarwa a nan Fagam akwai wata yarinya da ta fi kowa tsawo, har ta kusa kamo ni. Kullum a bencin baya take zama, ta ranƙwafa kafaɗu kamar wadda aka ɗora wa tulu, in an yi layi da safe kuwa sai ta ɗan lanƙwasa gwiwa don kada ta yi fice. Wasu 'yan ajin suna ce mata falwaya, wasu zalɓe. Ban ga alamar wani ciwo tare da ita ba, gidansu ne duk dogaye. Amma duk sa'ad da na gan ta tana ɓoye tsawonta sai Flo ta faɗo mini a rai, domin ita ma da haka ta fara.

An haifi Flo ran 31 ga watan Yuli, 1954, a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, ta kuma tashi a wani gari da ke manne da shi, ana ce masa Inglewood. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuma tana da ɗan gidan sayar da abinci. Iyayen nan duka biyu dogaye ne, amma ita Flo sai ta yi ta miƙewa kamar ana jan ta. Tana 'yar shekara 12 ta riga ta wuce ƙafa 6, kafin ta cika 17 kuwa ta kai ƙafa 6 da inci 5, watau saura kaɗan ta cika mita biyu. Ku dubi ƙofar ɗakinku ku kwatanta. Yara suka sa ta gaba da tsokana, suka laƙaba mata sunan wani ƙaton dodo da ake talla da shi a ƙasarsu, ita kuma ta shiga tafiya a sunkuye. Mahaifiyarta ce ta hana ta. Ta yi ta lallashinta har ta yarda cewa tsawon nan baiwa ce, ta riƙa ɗaga kai in tana tafiya. Ni a ganina da uwar nan ta biye wa 'yan unguwa, da yau ba mu da tarihin da za mu karanta.

Mutanen wajensu suka zaci ƙwallon kwando za ta yi, tun da shi aka san dogaye da shi. Ita kuwa sai ta zaɓi ƙwallon raga. Ga wadda ba ta taɓa gani ba, wasa ne da ake ɗaura raga a tsakiyar fili, mutum shida nan, shida can, ana buga ƙwallo da hannu ta saman ragar, kowane ɓangare ba ya taɓa ta fiye da sau uku kafin ya mayar, wanda ya bari ta faɗi a filinsa an ci shi ke nan. Ragar mata tsawonta mita 2 da santimita 24 ne. A kan yashin bakin teku Flo ta koyi wasan, ita da 'yar'uwarta, biyu-biyu suke karawa da wasu. Ta yi sakandare a makarantar Morningside, ta yi shekara guda a kwalejin El Camino, sa'an nan Jami'ar Houston ta jihar Texas ta ɗauke ta. Ita ce mace ta farko da jami'ar nan ta ɗauki nauyin karatunta saboda wasa. Ta karanta lissafi da ilmin motsa jiki, kuma shekara uku a jere ana sa ta cikin gwanayen 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya.

Ba ta ƙarasa shekarar ƙarshe ba. Ta ajiye karatu ta bi ƙungiyar ƙasa, da niyyar in ta gama wasa ta koma, domin a lissafinta karatu zai jira ta, ƙarfin jiki kuwa ba ya jiran kowa. A nan kam, 'yan makaranta, ban ce ku yi koyi da ita ba. Allah bai nufe ta da komawar ba.

A lokacin nan ƙungiyar matan Amurka ba a bakin komai take ba a wannan wasa. Japan da Rasha su ne manya, kuma Amurka ko cancantar zuwa wasannin Olamfik na 1976 a Montreal ba ta yi ba. Sai aka ba su wani mai horarwa mai tsanani, sunansa Arie Selinger, aka tara 'yan matan wuri guda a garin Colorado Springs, suna horo awa shida har zuwa takwas a yini, kwana shida a mako. Da yawa sun gudu. Ita Flo abin da ya fi ba ta wuya shi ne faɗuwa. A wasan nan wajibi ne mutum ya iya jefa jikinsa ƙasa ya tare ƙwallo kafin ta taɓa daɓe, mai tsawo irin nata kuwa ƙasa tana yi masa nisa, in ya faɗi ya fi kowa jin jiki. Haka ta yi ta faɗuwa tana tashi har abin ya zame mata jiki. Bugun da take yi daga sama kuwa, in ta yi tsalle ta dako ƙwallo, an auna gudunta ya kai mil 110 a awa. Ba motar da ke bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da ke irin wannan gudu.

Wahalarsu ta yi rana, suka cancanci zuwa Olamfik na 1980 a Mosko, ana ma sa musu ran lambar yabo. Sai siyasa ta gitta. A ƙarshen 1979 sojojin Tarayyar Sobiyat suka shiga Afganistan, Shugaba Jimmy Carter ya ce 'yan wasan Amurka ba za su je Mosko ba. Ku duba fa, yarinyar da ta bar jami'a, ta yi shekaru tana zubar da gumi saboda kwana goma sha, aka wayi gari aka ce ba tafiya. Mu ma 'yan wasanmu na Nijeriya sun ɗanɗana irin wannan a 1976, sa'ad da ƙasashen Afirka suka janye daga Montreal saboda batun wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wasu daga cikin abokan wasan Flo suka haƙura suka koma gida. Ita ta tsaya ta ƙara wasu shekaru huɗu.

A gasar cin kofin duniya ta 1981 a Japan aka zaɓe ta gwanar bugu ta duniya. A 1982 a ƙasar Peru ƙungiyarta ta zo ta uku. Sa'an nan 1984 ta zo, aka kawo Olamfik har garin haihuwarta, Los Angeles. Tana da shekara 30, ita ce babba a ƙungiyar, ita ce kuma mafi tsawo. A zagayen farko suka doke ƙasar Sin, wadda take riƙe da kambin duniya, jama'a suka ɗauka zinariya ta zo gida. Amma da aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, 'yan matan Sin, ƙarƙashin gwanarsu Lang Ping, suka rama da ci uku ba ko ɗaya. Amurka ta tashi da azurfa. Duk da haka ita ce lambar Olamfik ta farko da matan Amurka suka taɓa samu a ƙwallon raga.

Akwai wani aiki nata da ya fi burge ni a kan wasan. A 1972 Amurka ta kafa doka da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin Gwamnati nuna bambanci tsakanin ɗa namiji da 'ya mace, ko a aji ko a filin wasa. Albarkacin irin wannan sauyi ne 'yan mata kamar Flo suka fara samun gurbin karatu kyauta. A 1984 wani hukuncin kotun ƙoli ya rage wa dokar ƙarfi. Flo ba ta ce tun da ni na riga na haye ba ruwana ba. Ta tafi birnin Washington, tare da manyan mata irin su Coretta Scott King, matar marigayi Martin Luther King, suna neman 'yan majalisa su mayar wa dokar da haƙoranta. An yi hakan a 1988, amma ba ta ga ranar ba.

Bayan Olamfik ta koma Japan tana yi wa ƙungiyar Daiei wasa, wadda wani kamfanin manyan kantuna ya mallaka. Mutanen Japan sun so ta ƙwarai. Ran 24 ga watan Janairu, 1986, a garin Matsue, suna karawa da Hitachi, ƙungiyar da ta daɗe ba a ci ta ba. Ana cikin zagaye na uku aka canza ta don ta ɗan huta, kamar yadda aka saba. Ta zauna a benci tana ƙarfafa wa 'yan'uwanta gwiwa, jim kaɗan sai aka ga ta sulale ƙasa. Aka ɗauke ta zuwa asibiti, a daren nan rai ya yi halinsa. Shekarunta 31.

Da fari aka ce bugun zuciya ne. Danginta ba su gamsu ba, domin ta yaya macen da ta yi shekara goma tana irin horon nan, likitoci suna duba ta a kai a kai, za a ce zuciyarta ta gaza? Da aka kai gawar Kalifoniya suka nemi a bincika. Likita ya tarar zuciyarta lafiya lau take, ƙaƙƙarfa. Ɓarnar tana jikin babbar jijiyar nan da ke kwasar jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota. Akwai wani wuri a jikinta mai rauni, bai fi girman maɓallin riga ba, nan ne ya tsage. Har ma aka ga gudan jini a wurin wanda ya kai mako uku, watau tsagewar ta soma tun tuni, ita kuwa tana ta tsalle tana bugu ba ta sani ba. Sunan abin da ke tare da ita tun ran da aka haife ta ciwon Marfan.

To, mene ne shi? Ku ɗauki jikin ɗan Adam kamar saƙar gwado. Bayan nama da ƙashi da jini, akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke ɗaure sassan jiki, su riƙe gaɓoɓi, su ba fata da jijiyoyi damar miƙewa su koma kamar roba. Ɗaya daga cikin sinadaran furotin da jiki ke kaɗa zaren nan da shi ana kiransa fibrilin. Mai ciwon Marfan jikinsa ba ya yin fibrilin isasshe, ko kuwa yana yin mara ƙwari, saboda haka saƙar takan fito sako-sako. Ƙasusuwa su yi ta tsawo fiye da kima, gaɓoɓi su yi laushi, ɗan madubin nan da ke cikin ƙwayar ido ya goce daga mazauninsa don zaren da ke rataye da shi ba ƙarfi. Mafi hatsari ita ce awota. Zuciya tana bugawa wajen sau dubu ɗari a yini, kowane bugu kuma jijiyar nan ce ke fara karɓarsa. In bangonta ba ƙwari sai ta riƙa buɗewa a hankali, kamar tsohon tiyo da ya yi kumburi a gefe guda, ba zafi ba ciwo, har ran da za ta tsage.

Wani likitan yara Bafaranshe, Antoine Marfan, shi ya fara bayyana alamun a 1896, a jikin wata yarinya 'yar shekara biyar mai dogayen yatsu, shi ya sa ciwon ya ci sunansa. Abin mamaki, a shekarar da Flo ta rasu, 1986, masana suka gano shi fibrilin ɗin, a 1991 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakinsa. An ƙiyasta mutum ɗaya cikin kamar dubu biyar yana da shi, maza da mata, baƙi da fari.

Batun gadon nan ina so ku fahimce shi da kyau, don kada a haɗa shi da sikila. Ita sikila, watau amosanin jini, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita sa'an nan ɗa ke kamuwa, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Marfan kuwa mutum ɗaya ya isa. In uwa ko uba yana da shi, kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗan ya gada ko ya tsira. Gwajin da ake yi kafin ɗaurin aure ba ya nuna shi, kuma ba auren zumunci ke kawo shi ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na masu shi gada suka yi, sauran kashi ɗayan kuwa a kansu ya fara, iyayensu lafiya lau. Saboda haka ba dalilin da dangin miji za su ɗora wa matar gida laifi, kamar yadda muka saba in yaro ya zo da wata lalura.

Kada kuma wata ta karanta wannan ta tashi hankalinta don 'yarta doguwa ce. Mu nan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu Allah ya yi mu da dogaye sirara, musamman 'yan'uwanmu Fulani, kuma mafi yawansu ƙirar jiki ce kurum. Abin lura shi ne in alamu suka taru a jikin mutum guda. Yaro ya fi duk 'yan gidansu tsawo nesa ba kusa ba, in ya ware hannuwa faɗinsu ya fi tsayinsa sosai. Yatsu zara-zara, har in ya naɗe babban yatsa cikin tafin hannu ya dunƙule, kan yatsan ya leƙo ta ɗaya gefen, ko in ya kama wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin sai su haye juna. Ƙirji ya lotsa ciki ko ya turo waje kamar na tantabara, gadon baya ya karkace, tafin ƙafa ya shafe. Ga kuma raunin gani tun yana ƙarami. Wannan na ƙarshe mu malamai mu muka fi kowa damar lura da shi, domin dogon yaro a baya muke ajiye shi, in bai ga allo ba kuma mu ce daƙiƙi ne. Sai a haɗa da tarihin gida: shin an taɓa samun wani a dangi, saurayi ko budurwa ko mai jego, da ya yanke jiki ya faɗi ba ciwon fari ba na baƙi? Mu a nan in haka ta faru mukan ce jifa ne, ko iska, ko kambun baka, a yi sutura a rufe zancen. Ajali dai na Allah ne, amma neman sanin sababi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma yana iya tsirar da na baya.

Wadda ta ga irin haka a gidanta, sai ta sanar da maigida a tafi asibiti, a gaya wa likita dukkan alamun tare, kada a tsaya kan ido kaɗai ko baya kaɗai. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, in abin ya fi ƙarfin nan kuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ake bukata shi ne likitan ido ya duba, sa'an nan a ɗauki hoton zuciya da na'ura irin wadda ake duba mai ciki da ita, a auna faɗin awota. Ba allura, ba yanka. Ciwon ba ya warkewa, tun da a halitta yake, amma ana zama da shi. Akwai magungunan da ke sassauta bugun zuciya da hawan jini, irin su atenolol da losartan, waɗanda ke rage saurin buɗewar jijiyar, likita ne kaɗai zai rubuta su. Akan sake hoton kowace shekara, a hana mutum ɗaukar kaya masu nauyi da wasanni masu tsanani, in faɗin jijiyar ya doshi santimita 5 kuwa a yi aiki a canza wurin da na roba tun bai tsage ba. Wani bincike na 1972 ya nuna matsakaicin shekarun da masu ciwon nan ke rasuwa a wancan zamani shi ne talatin da 'yan kai, kamar dai Flo. Zuwa 1995 sai aka tarar masu samun kulawa suna kai shekara saba'in.

Ku matan aure, ga naku. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, yana kuma sassauta jijiyoyi, saboda haka mai ciwon Marfan ta fi shiga hatsari a watannin ƙarshe da kuma makonnin jego. Da yawa suna haihuwa lafiya, amma ya kamata a auna jijiyar tun kafin a ɗauki cikin, a ci gaba da aunawa, a kuma haihu a babban asibiti, ba a ɗaki ba. Shi losartan mai ciki ba ta shan sa. In kuwa mai irin alamun nan ta ji wani azababben ciwo farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu, kamar ana yaga wani abu, ba lokacin jiƙo ko turare ba ne, a nemi mota nan take.

Mu koma kan Flo. An binne ta a Inglewood, garin da ta tashi. Bayan sakamakon binciken nan sai aka gwada 'yan gidansu, aka tarar wani ɗan'uwanta namiji yana ɗauke da ciwon, aka yi masa aikin zuciya tun abin bai zo ba. Labarinta ya bazu a jaridu, likitocin 'yan wasa suka fara sa ido a kan dogayen yara. A 2014 ma an gano ciwon a jikin wani matashi ɗan ƙwallon kwando, Isaiah Austin, a wajen gwajin lafiya, 'yan kwanaki kafin manyan ƙungiyoyin Amurka su ɗauke shi, aka dakatar da shi.

Ran 4 ga watan Fabrairu, 1987, Amurka ta yi bikin ranar mata 'yan wasa karo na farko don tunawa da ita, daga baya aka sa 'yan mata cikin sunan ranar, ana kuma yin ta a makon farko na Fabrairu. Aka kuma kafa lambar yabo da sunanta, wadda Martina Navratilova, gwanar wasan tanis, ta fara karɓa, aka ci gaba da bayarwa kowace shekara har zuwa 2004. A 1988 aka shigar da sunan Flo Hyman zauren tunawa da gwanayen ƙwallon raga da ke garin Holyoke, inda aka ƙago wasan a 1895.